Ƙanzon Akuyar Goggo

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Laraba, ana tsakiyar damina. Na san lokacin domin mijina maɗinki ne, yana da agogo a kan teburin kekensa a zaure, kuma bai daɗe da leƙowa ya faɗa mana ba, yana tambaya ko an ɗora sanwa. Mu biyu ne a tsakar gida: ni, da uwar mijina, wadda kowa a gidan yake kira Inna. Ina tsugune gaban murhu ina tura itace, ita tana zaune a tabarma tana kaɗi. Akwai ta uku, amma ba a gidanmu take ba. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, tana daka a bayan darni. Ba ma ganinta, sai dai muna jin taɓaryarta.

Inna ta tsayar da mazari, ta karkata kai wajen darnin, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Amarya, yau ki bar tukunya ta kama."

Na ɗago na dube ta.

"Ki bar ta ta kama, na ce. Ƙanzo nike so, mai kauri."

Kafin in ci gaba, sai in faɗi ko ni wace ce, domin ba na son a ɗauko magana daga tsakiya. A Gwandu wannan ya faru, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Ni 'yar Kalgo ce. Iyayena masunta ne, suna kuma noman shinkafa a fadama. Aure ne ya kawo ni tudu, wurin masu gero da dawa. Ban cika shekara biyu a ɗakina ba, shi ya sa har lokacin ake ce mini Amarya. Abu ɗaya nake taƙama da shi, shi ne gindin tukunyata. Mahaifiyata ta koya mini tuwo bi da bi: a ɗora sanwa, ta tafasa, a yi talge, a bar shi ya nuna, a zuba gari a tuƙa, a janye wuta, a rufe ya turara, sannan a kwashe. Wadda ta bi wannan tsari, ƙanzonta ba zai fi ganye kauri ba. Nawa bai taɓa fi ba. Yau ga uwar miji tana cewa in ɓata abin da na iya.

Na ce, "Inna, na yi wani laifi ne?"

Ta ce, "Saurari turmin can."

Na saurara. Daka na ji, kamar kullum.

"Turmi in da hatsi ciki, nauyi gare shi, ƙasa yake shiga. Wanga sama yake tashi. Ƙaiƙayi take daka, ɗiyata. Don mu ji take yi."

Goggo muke ce wa tsohuwar, mu da duk unguwar. Bafulatana ce, daga cikin Fulanin da suka daɗe da zama gari, danginta suna wajen Ceberu. Mijinta ya rasu tun kafin a kawo ni. Ɗa ɗaya gare ta, shi ke riƙe da shanu. Kowace shekara yakan yi kudu da su idan rani ya yi, ya dawo da ruwan farko. A wannan shekarar ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, bai dawo ba, kuma babu saƙo. Abin da ya bar mata ɗan gero ne da zai kai ta dawowarsa, da akuya ɗaya. Geron ya ƙare. Akuyar ma, Inna ta lura an kwana biyu ba a ji kukanta ba, alamar an kai ta kasuwa a ɓoye.

Goggo mai bayarwa ce. Babu gida a unguwar da bai sha nononta kyauta ba, mai jego, marar lafiya, wanda ya yi baƙo ba shiri. Amma ba a taɓa ganin ta tana tauna wani abu a gaban mutane ba. Ko ruwa za ta sha, sai ta juya baya.

Na ce, "To me zai hana in zuba mata tuwo a akushi in kai mata?"

Inna ta ce, "Akushi in ya tahi, da abu yake dawowa. Mi gare ta da za ta sa ciki? Ƙanzo kuwa ba kyauta ba ne. Wanda ya karɓe miki shi, shi ya taimake ki."

Ya kamata in bayyana cewa gidan Inna ba a zubar da komai. Ruwan wankin gero, wato ƙasari, kunu ake damawa da shi. Dusa ta kaji ce. Tuwon da ya kwana, ɗumame ne da safe, in kuwa miya ta ƙare sai a dama shi da ruwa a sha. Ƙanzo ana shanya shi a ajiye. Saboda haka babu wanda zai yi mamaki in Inna ta ce tsoron zubar da abinci take yi.

Ba ƙona tuwo ta ce in yi ba, ko da yake haka mutane suka ɗauka daga baya. Ga yadda ta koya mini. Idan an zo kwasa, ba a kwashe duka. Ana barin tuwo a jikin tukunya kamar kaurin yatsa, a shafe shi da bayan mara ya bi ko'ina daidai. Sai a janye itace gaba ɗaya, a bar garwashi. Ba a rufe tukunyar. A haka zai bushe a hankali, ƙasansa ya yi ja, bakinsa ya fara ɗagowa da kansa. Sannan a ɓamɓare. In ya yi baƙi, an yi asara. Sunansa ƙanzo, amma malmala biyu ce aka shimfiɗa.

Akwai wata kafa a darnin da ya raba mu da Goggo, inda mata suke miƙa wa juna wuta da gishiri. Gab da magariba Inna ta ɗauki ƙanzon a faifai ta nufi wurin.

"Goggo, kina kusa?"

"Ina nan. Lahiya?"

"Ina lahiya? Wagga ɗiyar masunta ta ƙona mini tuwo. Dubi ɓarna! In na zubar, Allah ya kama ni. Ki taimake ni ki ba akuyarki."

Har na zaci Goggo ta koma ɗaki. Can sai ta ce, "Ai na gaya miki, 'yan bakin gulbi shinkafa kaɗai suka sani. Miƙo."

"Allah shi saka da alheri."

"Amin. Ki dai riƙa tsaya mata a kai, kada wata rana ta ƙone muku gida."

Inna ce ta yi godiya, ba Goggo ba. Na lura da wannan, kuma ban manta ba.

Haka muka ci gaba kullum. Bayan ɗan lokaci Inna ta fara ƙari. Yau ta ce ƙuli-ƙuli ya sha iska ya yi laushi, a ba akuya. Gobe ta ce gutsuren daddawa ya faɗi ƙasa. Wata rana gishiri, wata rana rabin albasa.

Na ce, "Inna, akuya tana cin daddawa?"

Ta ce, "Tata tana ci."

Takan kuma tambayi lafiyar akuyar ta cikin kafar, Goggo ta amsa, "Tana nan, ta fara yin gashi." Kowace ta san babu akuya. Kowace ta san ɗayar ta sani.

Dakan ƙaiƙayi ya tsaya. A madadinsa, da hantsi sai mu ji ƙanshi yana ratso darni. Goggo takan fita bayan gari ta yago tafasa da rama, ta haɗa su da ƙanzon ta yi datu, abin da mutanen gabas suke kira kwaɗo. Ban taɓa jin datu mai ƙanshin nata ba. Ni kuwa a daidai lokacin ciki gare ni, na fari, bai fito ba tukuna. Tuwo ya gundure ni, komai na ci sai ya dawo. Nakan sami dalilin wanke-wanke kusa da darnin don kawai in shaƙi ƙanshin. Ban gaya wa kowa ba. A wancan zamani cikin fari ba a faɗinsa da baki. Mace takan ɓoye shi har ya tona kansa, kuma ko bayan nan, in an yi zancensa sai ta sunkuyar da kai ta bar wurin.

Wannan aiki ba kyauta muka yi shi ba. Rumbunmu ma ya yi ƙasa, kamar na kowa a wannan lokaci na shekara. Malmala biyun daga rabona da na Inna suke fita, wani lokaci har su taɓa na maigida. Wata rana ya buɗe akushinsa ya ce, "Inna, malmalar gidan nan rama take yi, ko idona ne?"

Ta ce, "Idonka ne. Zare da allura sun cinye shi."

Ta hana ni gaya masa. Ta ce in maza suka ji, damin gero za su ɗora a ka su bi ta tsakiyar unguwa da shi, a ce zakka aka kai wa Goggo.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne sunana. Ƙarar ɓamɓarar tukunya ba ta ɓoyuwa, kuma Inna da gangan take ɗaga murya in tana yi mini faɗan ƙarya a bakin darni. Ba da daɗewa ba unguwa ta ɗauka. In na je rijiya sai in ji, "Ga mai ƙanzo nan." Wata ta ce, "Amarya, in an gama ƙona na yau a aiko mana, mu ma muna da awaki." Su kwashe da dariya. In ja guga in cika tuluna in tafi. Na san amsar, amma amsar ba tawa ba ce da zan bayar.

Fatake masu kawo bandar kifi kasuwar Gwandu su ne suka kai labarin Kalgo. Da suka sake zuwa, sai ga mahaifiyata tare da su, a kan jaki, sun kwana a Dalijan. Ta zo da jar shinkafa da bandar tarwaɗa. Iya nake ce mata. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda ba ta iya magana a hankali ba ko a ɗakin marar lafiya. Bayan sun gaisa da Inna an sha hura, ta juyo ta ce mini, "An ce kin manta tuwo. Na zo in gani da idona."

Ta jawo kujera ta zauna gaban murhu. Na yi talge tana kallo, na tuƙa tana kallo, ba ta sami abin gyara ba. Da na zo kwasa na bar abin da nake bari, na shafe da bayan mara, na janye itace, sai ta kama hannuna.

"Wannan ba kuskure ba ne. Wa kike ciyarwa?"

Na ce, "Akuyar maƙwabta, Iya."

Ta saki hannuna. Da safe ta je ta leƙa ta kafar darni. Ta ga turke babu igiya, ciyawa ta tsiro a gindinsa, ƙasa babu ko kashin akuya ɗaya. Ta ga Goggo ta fito da buta, zane yana neman zagaye ta sau biyu. Ta dawo ta tsaya a kan Inna.

"'Yar'uwa, mutum ce fa, ba akuya ba."

"Na sani. Rage murya."

"Kun sani, kuke ba ta gindin tukunya?"

"Shi take iya haɗiyewa."

"Don ba a ba ta mai kyau ba ne!"

Ba na son wanda ya karanta wannan ya ɗauki mahaifiyata marar hankali. A Kalgo ta girma ta tsufa. A can, idan jirgin masunta ya iso gaɓa, duk wanda ke tsaye a bakin ruwa ana jefa masa nasa, ba a tambayar ko waye, shi ma ba ya jin nauyin miƙa hannu. Gwauruwa takan zo da ƙwaryarta a fili, ta zaɓi wanda take so, har ta yi tsiya in an ba ta ƙanana. Kifi ba ya jira, in ba a raba ba ruɓewa zai yi, saboda haka mai karɓa da mai bayarwa duk ɗaya suke. Wannan Iya ta sani. A ganinta, ɓoye abinci cikin sunan akuya wulaƙanci ne.

Ta jira ranar da Inna ta tafi gaisuwar rasuwa wata unguwa. Ta karɓe mini murhu, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar yakuwa da tarwaɗa, ta cika babban akushin baƙi.

Na ce, "Iya, ki bari Inna ta dawo."

Ta ce, "Ni na haife ki, ko ke kika haife ni?"

Ta ɗora a ka, ta fita ta zaure da rana tsaka, ta zaga ta shiga ta ƙofar gidan Goggo. Ina tsaye a bakin darni ina ji, kuma ba ni kaɗai nake ji ba, domin muryar Iya gida uku take ratsawa.

"Salamu alaikum! Baiwar Allah, na ga halin da kike ciki. Yunwa ba abin kunya ba ce. Ci wannan ki ji ƙarfi, gobe ma zan kawo miki."

Goggo ta ce, "Madalla, madalla. Sannu da ɗawainiya. Sai dai kin makara, yanzu na sauke tawa tukunyar."

Akwai kuma abin da Iya ba ta sani ba. Goggo tun da aka haife ta kifi bai taɓa shiga bakinta ba, haka aka tashe su a gidansu. Ta fito ƙofar gida da akushin, ta kira yaran unguwa, ta ajiye musu a fili inda kowa zai gani, kamar yadda ta saba yi musu da nono. Suka cinye. Ta wanke akushin, ta aiko da shi kafin la'asar. A kansa ta kife ƙaramar ƙwaryarta ta nono, mai zane, wadda aka kawo ta da ita gidan miji. Ita ce abu na ƙarshe mai daraja a ɗakinta.

Inna ta dawo, ta ga ƙwaryar, ta gane abin da ya faru. Gab da magariba ta ɗauki faifan ƙanzo ta je darni kamar kullum. An toshe kafar da sabon kara, an ɗaure da igiya.

"Goggo, ga na akuya."

"Akuya ta mutu. Ku nemi mai akuya."

Daga ranar babu daka a gidan, ko na ƙaiƙayi. Babu hayaƙi, babu ƙanshi da hantsi. Mukan ji motsin buta da asuba, mu san tana raye. Na ci gaba da yin ƙanzo domin Inna ba ta ce in bari ba, yana ta taruwa a faifai. Iya ta fasa bin fataken da suka koma. Takan zauna ta tasa ƙwaryar nan a gaba, ita da ba ta iya shiru ba. Ba za ta iya maida ita ba, domin maida kyauta zagi ne.

Ta ce wa Inna, "In je in ba ta haƙuri?"

Inna ta ce, "In kin ba ta haƙuri, kin sake faɗin yunwarta ke nan."

"To sai mu zuba ido ta mutu a bayan kara?"

Inna ta ɗauki mazarinta ta koma kaɗi.

Ni ma a kwanakin ba abin da yake zama a cikina, ƙarnin kifin Iya ya ƙara mini. Ina kwance da hantsi, lokacin da ƙanshin datun yakan ratso, na ji ina neman sa kamar in yi kuka. A nan na yi tunani bi da bi. Goggo ba za ta karɓa ba, wannan ya tabbata. Amma ba ta taɓa hana wanda ya roƙe ta ba. Kuma a ƙasarmu ba a hana mai ciki abin da ranta yake so, ana ganin wanda ya hana ta ya ɗauki alhakin rai biyu. Sai dai kafin a ba ni wannan haƙƙi, dole in faɗi da bakina abin da ba a faɗi, kuma a gaban Bafulatana tsohuwa, wadda ko sunan ɗanta na fari ba ta kira.

Na tashi na zuba ƙanzo a ƙwarya, na ɗauki ƙuli-ƙuli da daddawa da barkono da gishiri, na yago rama a bayan ɗaki. Inna da Iya suna kallona. Babu wadda ta tambaye ni ina za ni. Na bi ta zaure na shiga ta ƙofar gidan Goggo.

Na same ta kwance. Ta tashi zaune da ƙyar, ta gyara ɗaurin kallabi kafin ta amsa sallama.

"Maraba da ɗiyar masunta. Wani kifin aka aiko ki da shi?"

"A'a, Goggo. Roƙo na zo."

"Roƙo? A gidan nan?"

"Datunki nake so."

Ta dubi ƙwaryar, ta kau da kai. "Ku da ke da shinkafa da tarwaɗa? Tahi uwarki ta yi miki."

"Ba ya zama, Goggo. Komai na ci sai ya dawo." Na sunkuyar da kai. "Ɓatan wata na yi, tun kafin ruwan shuka."

Ta sa hannu ta rufe baki. "Ke! Marar kunya! Cikin fari ake faɗi da baki? Kai, mutanen gulbi, Allah shi shirye ku." Sai kafaɗunta suka fara rawa, na gane dariya take yi. "Uwar mijinki ta sani?"

"Ke kaɗai na gaya wa."

Ta jawo ƙwaryar gabanta. Sannan ta ce, "Hura wuta. Kuma ki zauna ki kalla, tunda ba a koya miki komai ba a gidanku."

Duk da rashin ƙarfi, ba ta tsallake komai ba. Ta jiƙa ƙanzon da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, ta rufe. Ta dafa rama ta tsiyaye ruwan farko, ta matse. Ta gasa daddawa a kan garwashi har ta yi ƙanshi, wannan shi ne abin da nake shaƙa ta darni. Ta sa na daka ta da ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri. Da ƙanzon ya yi laushi ta murje shi da yatsu, ta zuba ramar, ta barbaɗa dakan, ta yayyafa ruwa kaɗan, ta cuɗa. Ta turo mini.

"Ci."

Na ce, "Ba na iya ci ana kallona."

"To na juya." Ta juya mini baya.

Na ci loma biyu. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, kafin ranar ko bayanta. Na ce, "Goggo, kamar gishiri bai ji ba. Bakina ba ya gane komai yanzu. Ki ɗanɗana mini."

Ba ta juyo ba. Hannunta ne ya zo ta gefe ya shiga ƙwaryar. Ni ma na juya nawa bayan. Haka muka zauna, ita tana fuskantar bango, ni ina fuskantar ƙofa, ƙwarya a tsakaninmu, kowa yana miƙo hannu ta baya.

Can ta ce, "Bai ji ba. Sai na ƙara ɗanɗanawa."

Da ƙwaryar ta ƙare ta ce, "Gobe ki zo da wuri. Mai ciki ba ta kaiwa hantsi da yunwa. Kuma ƙanzon nan naki ya cika kauri, ke dai ba ki iya tuwo ba."

"Haka ake faɗi a unguwa, Goggo."

Ta goge hannu da gefen zane. Ta ce, "Na ji ana faɗi." Na ɗauki ƙwaryata na fito.

Da na koma gida, Inna ta dubi ƙwaryar, ta dubi bakina, ta koma kaɗinta. Iya ta kwashe sauran kifinta ta ɗaure a tsumma ta rataye can nesa, ta zauna ta daka mini ƙuli-ƙulin gobe. Bayan 'yan kwanaki ta koma Kalgo da ƙwaryar Goggo. Ba ta taɓa zuba komai a cikinta ba. A bangon ɗakinta ta rataye ta har ta rasu.

Kullum ina zuwa gidan Goggo, kullum gishiri ba ya ji, har gero ya nuna aka fara gasa tumu, sannan aka kai ni Kalgo goyon ciki. Da na dawo da jaririya a baya, na tarar ɗan Goggo ya dawo bayan kaka. Ciwo ya shiga garken a kudu, shi ya tsare shi, shanun da ya dawo da su ba su kai rabi ba. Nono ya ci gaba da zuwa gidanmu kamar da, amma ta zaure. Kafar darnin ba a sake buɗe ta ba. Goggo ba ta taɓa yi mini godiya ba, kuma da ta yi, da ta ɓata komai. Sunan mai ƙanzo ya bi ni a unguwar har na aurar da 'ya'ya. Ban gyara wa kowa ba muddin tana raye, bayan ta rasu kuma waɗanda suka sa mini sunan sun manta dalilinsa.

Yanzu Inna da Iya da Goggo duk sun riga mu gidan gaskiya. Ina zaune a gidan jikoki, ina ganin ana zuba ruwa a tukunya a jiƙa ƙanzo a tuntsurar a kwata. Injin niƙa ya shigo, ba a jin turmin maƙwabci balle a san me yake daka.

Ga abin da nake roƙon wanda ya karanta. Na farko, kada ka bari a jiƙa tukunya a gidanka kafin a ɓamɓare ƙanzonta, a shanya, a ajiye. Na biyu, ka duba cikin maƙwabtanka wanda ya saba bayarwa ya daina, kuma bai ce komai ba. Kada ka ɗora masa akushi a ka ka bi ta tsakiyar unguwa. Ka fara neman abin da za ka roƙa a wurinsa, sannan ka je. Na uku, in ka idar da salla yau, ka sa mata uku a addu'arka: Inna mai dabarar ƙanzo, da Iya mai kifi, da Goggo mai akuya.